Mariƙin Ƙahon Baba Jimet

Bindigar ta suɓuce daga hannun Baba Jimet, ta faɗi ƙasa, bakinta na kallon ɓular katangar da nake leƙe. Na ja baya har na taka ƙwaryar kuɓewar da nake yankawa.

"Kaltuma, na ga idonki," ya ce. "Zagayo ki yi mana amfani."

Shekara talatin muna maƙwabtaka a Abeshe da tsohon jandarman nan, bai taɓa gayyatata ba. Jibi za a kai jikarsa Ashta ɗakin miji, kuma a gidansu babba ne ke harbi uku sama idan amarya ta fito. Tun ciwon da ya kama shi bara hannun damansa ke rawa.

Ya zazzage harsasan bindigar, wata 'yar libarba, a hula. Kan tabarma ga mariƙin bindiga uku: na ƙahon sa mai sheƙi, na itacen kanya da aka tsattsaga, da wani da aka naɗe da robar tayar keke.

"Kar ki wanke hannu. Yauƙin nan nake so, ya fi gumi."

Ya dinga ɗaura su a bindigar ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini. Ƙahon sanyi gare shi da laushi, amma ina matsawa ya zille kamar tarwaɗa. Kanyar ta ciji tafina, ta ɗan tsaya. Robar kuwa ta manne, sai wari.

"Robar, Malam," na ce.

"A ce Jimet ya raka jikarsa da tayar keke? Ke za ki fara kai labarin kasuwa."

"Kafin azahar ma," na ce.

'Yarsa Zenaba na tsaye bakin ɗaki. "Baba, yara za su cika tsakar gidan nan. Ka bar wa Kawu Annur ya harba."

"Annur ko jaki bai iya riƙewa ba."

Ya mayar da ƙahon, ya ɗaure tam.

Ranar biki da la'asar rana ta yi zafi. Na tattara jikokina bayan randa, na tsaya inda zan gani. Amarya ta fito. Baba Jimet ya miƙe, ya ɗaga hannu. Gumi na bin gwiwar hannunsa zuwa cikin riga. Bakin bindigar ya kalli sama, ya sauko kan rufin ɗaki, ya sauko kan kawunan mata. Na ga ƙahon yana juyawa a tafinsa. Mai ganga ya tsaya. Zenaba ta rufe amarya da jikinta.

Ya daɗe a haka. Sannan ya kawo hannun hagu ya tallafe bindigar, ya sauke a hankali har kan tabarma.

"Ku yi guɗa," ya ce. "Ta isa."

Ni na fara.

Bai sake fitowa ƙofar gida ba. Na kai masa kunu ranar Laraba, ya ce, "Kin kai labarin?"

"Na ce harsashin ne ya yi sanyi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Da aka fita da shi, na shiga taya Zenaba shara. Takalmansa na nan bakin ɗaki, na dama ya fi cinyewa, wata kaza ta kwanta a kai.