Tulun da Bai Ga Wuta Ba

Auta tana bakin ƙofar falo da tiren kofuna a hannu lokacin da ta ga abin da Baba yake yi. Ya sayo furanni a hanyarsa ta dawowa daga shago, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya sauko da shuɗin tulun nan daga kan kabad, yana tsiyaya masa ruwa daga buta, yana yi wa abokinsa mai gyaran rediyo bayani.

"Auta ce ta gina shi da hannunta. Shi ya ba ta makin da ya fi na kowa a ajinsu. Ka ga ƙyalli? Sai ka ce daga waje aka kawo."

Ta ajiye tiren, ta tsaya. Ta san ya kamata ta ɗauke tulun, amma fuskar Baba ta hana ta. Ba a jima ba wani jan ruwa ya fara tsattsafowa ta gindinsa yana bin ledar teburi. Tulun ya karkace a hankali kamar mai gyangyaɗi, cikinsa ya buɗe, furannin suka zube cikin taɓo. Shuɗin fentin ya saɓule ya kwanta a gefe kamar fatar da aka feɗe.

Mai gyaran rediyo ya janye ƙafarsa, ya ce yanzu ya tuna ya bar shago a buɗe.

Bayan ya fita Baba ya kai hancinsa kusa da teburin, don idanunsa sun yi rauni, ya taɓa taɓon da yatsa.

"Ni na ɓata shi?"

"A'a, Baba. Ba a gasa shi ba ne."

"To, sauran da kuka yi fa?"

"Babu wanda aka gasa."

Ya daɗe yana murza laka tsakanin yatsunsa. Yaya, wadda ta saba tsokanar ƙanwarta da cewa ta yi digiri a wasan ƙasa, yau tsumma ta kawo ta fara gogewa.

* * *

A sashen koyon tangaran na kwalejin akwai murhun gashi, wani ƙaton ɗaki na bulo mai ƙofar ƙarfe, wanda yumɓu ke shiga ɗanye ya fito yana ƙara kamar ƙararrawa. Tun kafin su Auta su shigo bututun gas ɗinsa ya lalace. An ce an ware kuɗin gyara, har an ce an fitar. Abin da ɗalibai suka gani da idonsu shi ne, duk lokacin da masu duba makarantu za su zo, sai a yi wa ƙofar murhun sabon fenti.

Sun koyi kwaɓa yumɓu da juya shi a kan inji. Sun haddace zafin da kowane irin yumɓu yake buƙata, sun rubuta a jarrabawa, sun ci. In aiki ya bushe sai a goge shi da yashin takarda, a fesa masa fentin mota, a jera a kan tebur da ɗan allo mai cewa kada a taɓa. Wani ɗan ajin da ke gabansu ya taɓa tashi a taro ya yi tambaya a gaban baƙi. Sakamakonsa ya ɓace a ofis, sai da 'yan ajin da ke bayansa suka gama suka bar shi yana zirga-zirga. Daga nan kowa ya koyi yin shiru, kuma wannan darasin ya zauna sosai.

Baba tela ne. Duk shekarun karatun nan a kan keke ya yi su, har allura ta fara ɓace masa a ido. Bai taɓa tambayar me ake koya mata ba. Ya ɗauka makaranta ta san aikinta.

* * *

Ma'aikatar tangaran ɗin da ta je neman aiki tana bayan kasuwar katako, rumfa ce doguwa mai rufin kwano. Mai wurin wata mace ce mai furfura, ma'aikatanta suna ce mata Anti. A kwalejin su Auta ta yi karatu, a zamanin da murhu ke ci.

Ta miƙa wa Auta curin yumɓu ta nuna mata inji. Auta ta zauna, ta jiƙa hannu, sai fargabar ta sauka. Yumɓun ya tashi tsakanin tafukanta, ya buɗe baki, ya zama kwano mai siririn leɓe. Anti ta yanke shi da zare ta raba biyu, ta duba kaurinsa daga sama har ƙasa.

"Hannunki yana da kyau. Gashi fa?"

Ƙarya ta zo har bakin Auta, ta haɗiye ta.

"A takarda kawai na sani, Anti."

"Na zata. Ba ke ce ta farko ba. Zo."

Ta kai ta bayan rumfar, inda zafi ke dukan fuska tun daga nesa, ta zare wani ɗan bulo daga jikin murhu, ta ba ta baƙin gilashi ta ce ta leƙa. Auta ta kara ido. A ciki babu harshen wuta irin na girki, haske ne kawai, ruwan ɗorawa mai neman komawa fari, kofuna suna tsaye a cikinsa jere kamar ba su da nauyi. Ta ji ƙwalla ta taru, ta bar wa zafin laifin.

"Wannan ba a karanta shi, sai an tsaya a gabansa," in ji Anti. "In kina so, ki zo ki fara daga farko. Kamar shekara guda. Zan ba ki kuɗin mota, albashi kuwa babu. Ba rowa ba ce, ƙanwata. Kayan da za ki fasa mini kafin ki iya, su ne albashinki."

Auta ta dawo gida tana jin warin hayaƙi a mayafinta, ta ƙi wanke shi.

* * *

A makon ne shugaban sashensu na kwaleji ya aika a kira ta. Mutum ne mai sanyin magana, ya tsufa a kujerar nan. Ya ce an ba su gurbin mataimakiyar malami, kuma sunanta ya fara zuwa masa.

"Ranka ya daɗe, me zan koya musu?"

"Abin da muka koya miki."

"Murhun fa?"

Ya cire tabarau ya murza idanu.

"'Yata, na yi magana har na gaji da jin muryata. Ki shigo tukuna. Ku matasa wataƙila a saurare ku. Amma gurbin ba zai jira ba, akwai masu uwa a gindin murhu da ke nemansa." Ya ɗan yi dariya da ya ji abin da ya faɗa. "Ko da yake namu murhun babu wanda ke zama a gindinsa."

Da yamma ta zayyana wa mutanen gida duka biyun. Baba ya ce ta zaɓi wanda ranta ya kwanta da shi, shi dai addu'a ce tasa. Yana faɗa yana ƙoƙarin zura zare a allura, zaren yana wucewa ta gefe, yana sake lasar bakinsa yana gwadawa.

Yaya ta ja ta zuwa kicin ta turo ƙofa. Tun da ta gama sakandare take tsaye a kantin magani daga safe zuwa dare, ita ke riƙe da hayar gida da cefane.

"Ba zan ce miki kar ki je wurin Antin nan ba," ta ce. "Na ga fuskarki ranar da kika dawo. Amma likita ya ce idon Baba aiki yake so, kuma ba na baɗi ba. Ni kaɗai ba zan iya ba, Auta. Na gaji. Ban taɓa gaya miki ba, yau na faɗa."

Auta ta dubi ƙafafun yayarta da suka kumbura a cikin silifas. Ta so ta ce shekara ɗaya ce kawai. Sai ta tuna wadda za ta ɗauki shekarar a kanta.

Washegari ta kira Anti ta gaya mata za ta karɓi aikin kwaleji. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gane, ta ƙara da cewa ranar Asabar suke gashi, in ta samu sarari ta riƙa leƙowa. Daga baya jadawali ya fito, an sa wa sabuwar malama darasin 'yan karatun ƙarshen mako, duk ranar Asabar.

* * *

An yi wa Baba aikin ido ɗaya, ya yi kyau. Yanzu duk wanda ya shigo shago sai ya ji labarin 'yarsa malamar kwaleji.

Ranar da darasi ya kai kan gashi, ajin ya cika har bakin taga. Sababbin ɗalibai ne, hannuwansu duk busasshen yumɓu, wasu daga nesa iyayensu suka turo su. Auta ta juya ga allo ta zana murhu: bango, ƙofa, bututun hayaƙi, kofuna a jere. Ta tsaya da alli a hannu tana neman yadda za ta gaya musu hasken da ta gani ta ɗan ramin nan, ba ta samu ba. Sai ta ja 'yan layuka masu lanƙwasa a ƙarƙashin kofunan.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, wutar da wane launi za mu zana?"

"Da abin da kike da shi."

Yarinyar ta sunkuya da shuɗin bironta, tana kwafar layukan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ta yi kuskure.