Zoɓon Faransa

Aibin Malam Dabo mai shayi guda ne: tun da uwarsa ta haife shi bakinsa bai taɓa furta “ban sani ba”. A tashar Illela kowa ya san yana taƙama da harshensa, wai ko ruwa ya kurɓa sai ya faɗi rijiyar da aka ɗebo shi.

Ranar da liman ya ce zai gwada shi kiran sallar la'asar, don ladanin masallacin tasha ya tsufa ana neman magaji, ranar ce Idi direba ya dawo daga Ƙonni da kwalabe uku. Wani Bature ne ya ba shi tukuici, don ya jawo masa mota daga cikin rairayi. Rubutun jikinsu Faransanci ne, ba mai iya karantawa. Idi ya ce a jira Mukhtari tela, wanda ya yi zaman Yamai. Dabo ya ce ina amfanin tela ga harshe a zaune.

Ya tsiyaya ja a kofin shayi, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

“Wanga zoɓon Faransa na. Matar da ta dafa shi rowa gare ta, ba sukari, kuma ya kwana uku.”

Fari kuwa ya ce ruwan tsamiya ne da aka tace da tsumma mai kyau, yana maganin shawara. Da aka zo ta ukun, mai ruwan zuma, sai ya lumshe ido. Ya ce akwai dabino a ciki, akwai zuma, har da wani abu mai ɗumama ƙirji wanda sai ya ƙara zai gane. Ya ƙara. Bai gane ba, ya sake ƙarawa. Idi ya miƙa hannu, Dabo ya buge shi, ya ce wannan aikin manya ne.

Mukhtari ya iso kwalba ta kusa ƙarewa. Ya juya ta, ya karanta, ya duba sauran biyun, ya tambaya wa ya sha, aka ce Dabo.

“Mi a ciki?” in ji Idi.

“Giyar inabi ta, duk ukun. Ina Dabon?”

Dabo kuwa ya riga ya hau matakalar masallaci. Murya ta fita tangaram, har mahauta suka ajiye wuƙaƙe suna saurare. Sai da ya kai tsakiya, rana tana dukan kowa, ya shaida wa jama'ar tasha cewa salla ta fi barci, kamar yadda ake yi da asuba. Sau biyu ya faɗa, na biyun har da jan murya. Wajen saukowa ya tsallake matakala uku, ya kife da baka.

Liman ya ce ba shi da zunubi, tunda bai san abin da ya sha ba. Ladanci dai aka ba Mukhtari. Dabo ya tashi ba ladanci, ba haƙorin gaba guda, hularsa kuma akuya ta tafi da ita.