Sifilin Gadambaliya

Aikin da aka ɗauki Zulaiha ta yi a ofishin bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, a ƙasar Sudan, ba shi da wuyar faɗi. Kamfanin da ya ɗauke ta yana da mataimaki na ƙirƙirarriyar basira mai amsa wa manoma tambaya a waya, da Larabci ko da Hausa. Mataimakin bai taɓa ganin hadari ba. In an tambaye shi, ƙananan manhajoji yake kira, wannan ta farashin dawa, waccan ta ruwan sama, kuma bai san komai a kansu ba sai abin da aka rubuta masa a takardar bayanin kowacce. Zulaiha aka ba takardun nan goma sha huɗu ta tantance kafin damina. Cikin manoma ɗari huɗu da suka yi rajista har da kawunta Sharu, mai gona feddan arba'in, kusan eka arba'in ke nan, a Gadambaliya can wajen gari, wanda ciwon gwiwa ya zaunar a gari. Ya shiga ne don 'yar ƙanwarsa na aiki a wurin.

Bayanin manhajar ruwa layi ɗaya ne tal: tana ba da yawan ruwan da ya sauka a tashar awo. To, in tashar ba ta aiko da komai ba fa? Shiru. Ta tambayi mutum uku a ofis, kowa ya ce ai wanda ya rubuta ya tafi Saudiyya. Sai ta hau lori ta nufi Gadambaliya.

Malam Usumanu, wanda ya shekara ashirin yana duba kwalbar awon ruwan sama a tashar, ya ba ta shayi, ya yi mata dariya. Ya ce ranar da aka yi ruwa na gaske, baƙar lakar nan ba ta barin mutum ya kai tudun da ake samun sabis ya aika awon ta waya. Yakan jira kwana uku ko huɗu ƙasa ta sha iska, kuma wayar ba ta karɓar awon ranar da ta wuce, sai ya rubuta a littafinsa ya ajiye. Duk mutanen yankin sun san haka. Zulaiha ta koma ta gwada manhajar. Duk ranar da ba a aiko da awo ba, sifili take mayarwa. Wato ranar da sama ta fi zubarwa, ranar ce mataimakin zai ce ko ɗigo ba a yi ba.

Ta rubuta cewa takardar ba ta isa ba, ta kai wa manaja, Ustaz Awad. Ya karanta yana juya cokali a kofi.

"Ya ustaza, ke ko takardar haihuwarki aka ba ki sai kin samo gyara."

"Layi ɗaya ne, ustaz. A rubuta masa cewa sifili na iya zama babu labari, don ya daina ɗaukarsa babu ruwa."

Ya ce kowane gyara sai ya koma babban ofis an sake amincewa, mako biyu ke nan, ga bikin buɗewa ranar Alhamis, an kafa rumfa, an sayi raguna. Ya ce takarda ce kawai, wa ke karanta ta? Ta ce na'ura ce ke karantawa, ita kuwa ba ta san kunya ba balle ta ɗaga waya ta tambayi Malam Usumanu, amma wannan bai shiga kunnensa ba. Zulaiha ta ƙi sa hannu. Aka miƙa wa Yahya na teburin kusa, ya sa hannu bai ko buɗe ba. Ta zauna ta rubuta wa babban ofis wasiƙa uku, kowacce ta fi 'yar uwarta zafi, tana jin ta sauke nauyin da ke kanta.

Tsakiyar watan bakwai aka kwana huɗu ana sheƙa ruwa a Gadambaliya. A Gadarif yayyafi kawai aka gani. Kawu Sharu ba shi da tarakta. Ta haya ce ke bin ƙananan manoma bi da bi, wanda ya bar layinsa ya wuce kuwa sai ya koma ƙarshe. Direban ya kira shi daga wata gona mai nisa ya ce jibi layinsa ne. Sharu ya tambayi mataimakin, aka ce masa mako guda babu ruwa, iri zai zube a tsagar ƙasa a banza, ya jinkirta. Direban ya ce shi dai ya ji an ce an yi ruwa a can. Sharu ya ce na'urar 'yarsa da milimita take awo, ba da ji-ta-ji-ta ba, direban ya wuce gonar gaba kawai.

Layi bai dawo kansa ba sai ƙarshen watan takwas. Ciyawa ta kai ƙugu, damina ta juya baya, direban da kansa ya ce kada ya ɓata irinsa.

Da koke ya yi yawa, Ustaz Awad ya leƙo ya ce ta ƙara layin nan nata, khalas, shi ke nan. Kafin shayinta ya huce ta gama. A sanarwa aka kira shi sabuntawa.

Da la'asar ta sami kawunta a rumfar ƙofar gidansa yana ɗaure buhunan irin da bai shuka ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta bayyana masa komai, kwalbar awo, laka, sifili, har da yadda ta ƙi sa hannu. Da ta gama, ya ce:

"Tun yaushe kika sani, 'yar nan?"

"Tun watan shida, Kawu."

"Gidana da naku katanga ɗaya ce."

Ta ce ta rubuta wasiƙa uku. Ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Sannan ya ce ta gaya wa uwarta jibi zai bi motar garin Fau, an ce ana ɗaukar masu cire ciyawa a gonakin rani, ba su cika duba shekaru ba.