Kafin Ta Zama Mushe

"Dabbar da kuka ci, lafiyarta ƙalau?" in ji likita, tana rubutu ba ta ko ɗago kai ba.

"Ƙalau," in ji tela.

Ƙarya ce, kuma sumul ta fito masa. Kwana uku akuyarsa tana gudawa a bayan gida, ta daina cin dusa, a na huɗu ya tarar da ita tana shure-shure. Sai ya yi abin da kowa zai yi: ya ruga ya ɗauko wuƙa kafin ta zama mushe. Naman ya yi musu yawa, ya ƙulla a leda ya aika gida bakwai. Har sa masa albarka aka yi a layin, shi da aka sani ko ƙyallen yadi ba ya iya ba mutum kyauta.

Yanzu matarsa ce kwance a gado na biyar, an rataya mata ledar ruwa ta uku, leɓenta duk ya tsattsage. Ya fito baranda ya zauna a benci. Ya jira tsoro ya zo, bai zo ba. Ba ya jin komai, sai tunanin wani wando da ya bari a kan keke bai yi masa kalmasa ba.

Maƙwabcinsa direba ya fito daga ɗakin da aka kwantar da mahaifiyarsa jiya, ya zauna kusa da shi.

"Maƙwabci, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi. Inna fa?"

"Inna ta cika. Yanzun nan."

Tela ya yi masa gaisuwa, muryarsa kamar ta mai karanta awo.

"Ruwan famfon nan ne, ni na sani," in ji direba, yana share ido da bakin riga. "Amma Allah ya saka maka. Wallahi naman nan naka shi ne abu na ƙarshe da ta ci da marmari. Sauran yana firji, na ce a dafa wa yara yau."

Wata nas ta wuce tana tura keken magani, taya ɗaya na ƙara.

"Buga waya gida," in ji tela. "Kada a ba yaran."

"Don me?"

Tela ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Taso mu je wurin likita. A gabanka zan faɗa, don sau ɗaya kawai zan iya."