Goron Gayyar Inna Fatimata

Ni na dafa wake da shinkafa na mutum goma sha biyu a ranar, saboda haka kada kowa ya zo ya gyara mini labarin.

Ɗakin Inna Fatimata shi ne na ƙarshe a gangaren lungunmu na unguwar Maamobi, a nan Gana. Ginin ƙasa ne, mijinta ya bar mata, ba ta da wani wurin sa kanta. Duk ruwan da ya sauko daga gidajenmu gindin bangonta yake kwana. Damina na matsowa, ta ɗaura goro ta kai wa Ɗanbala, shugaban 'yan dakon unguwar Tudu, ta roƙi gayya a haƙa kwata a karkatar da ruwan.

A wurinmu wanda ya ɗauki goron gayya ya ɗaure kansa. Bayan sallar Juma'a Ɗanbala ya raba, maza goma sha biyu suka miƙa hannu, aka shafa Fatiha, aka sa ranar Lahadi. Kowa ya ce in Allah ya yarda, bakinsa jawur.

Lahadi gari ya waye tangaran. Sai ga labari wai Ɗanbala ya samu aikin sauke kaya a unguwar Adabraka. Hudu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi goron, da ya ji haka ya ajiye digarsa, ya ce ba zai karya bayansa ba shugaba na can yana cika aljihu. Mika'ilu, shi ma ɗan gayyar, ya leƙo, bai ga Hudu ba, ya juya. Haka suka yi ta leƙen juna ta katanga, ƙarti da gemu, kowa na jiran wani ya fara. Issah kaɗai ya zo, mutumin arewacin Gana da Hausarsa ba ta cika ba. Ya yi ta sara har la'asar, bai kai rabi ba. Na rarraba abincin a maƙwabta raina kamar ya fashe.

Kwana tara aka yi, ruwa ya zo da hantsi. Bangon ya jiƙe, ya zauna, ɗakin ya rushe. Allah ya sa Inna tana wurina muna tsince wake.

Abin da ya fi ƙona ni, kafin azahar duk sun hallara jaje, ba wanda ya jira wani. Ɗanbala ya durƙusa ya ajiye mata ƙullin goro, ya ce ta yi haƙuri, sun so zuwa, Allah ne bai yarda ba.

Inna ta dubi ƙullin, ba ta taɓa ba.

"Ɗanbala, Allah ya yarda," in ji ta. "Ya ba ku Lahadi ba ɗigon ruwa, ya ba Issah ƙarfin zuwa. Ɗauki goronka. Ni ba na cin goron da ban yi niyyar cika alkawarinsa ba."

Ta tashi ta shiga tono tabarmarta daga cikin laka. Issah ne ya kama mata ɗaya gefen.