Karen Iya

Ɗantsoho ya taɓa karanta wani tsohon littafi da aka juya zuwa Larabci, tarihin wani Ba'amurke mai barkwanci wanda ya yi suna da kwaikwayon bakin mutanen ƙauyensu. Ya rufe littafin ya ce ai shi ma yana da irin wannan haja a gida, kyauta ma.

Wannan haja kuwa ita ce mahaifiyarsa, Iya. Tun tana yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare a Sudan, suka zauna. Ta tsufa a unguwar Mayo da ke Khartoum, amma Larabci bai taɓa zama a bakinta ba. Mutanen Khartoum suna cewa "galbi", wato zuciyata. Ita kuwa sai ta ce "kalbi", wanda a wurinsu kare ne.

Da wannan ya gina Haj Jatau, tsohon Bahaushe mai raki da yake kwaikwaya a rediyo a Omdurman. Ko kuda ya taɓa Haj Jatau, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Kalbi waja'ni!" Karena yana mini ciwo ke nan. Gari ya ɗauka, har 'yan kamasho suna yi a tasha. Iya ba ta sauraren rediyo sai karatun Alƙur'ani, shi kuma bai ga dalilin gaya mata ba.

Ranar da ciwon ya zo da gaske, tana shanya ta durƙushe. Ya ɗauke ta a tasi zuwa wani asibiti, layi har waje. Nas ɗin da ke bakin ƙofa, Awadiyya, ta tambaye ta abin da ke damunta.

Iya ta dafe ƙirji. "Kalbi waja'ni."

Wurin ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya yi haushin kare. Awadiyya ta share hawayen dariya ta ce, "Hajja, wallahi kin fi Haj Jatau na rediyo iyawa! Mai wasa ai da sauƙi, zauna tukuna."

Ɗantsoho ya yi magiya, aka ce ya bi layi. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya kasa kallon uwarsa.

"Ɗantsoho," in ji Iya da Hausa, numfashinta yana sarƙewa, "wane ne Haj Jatau?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ja mayafinta ta rufe baki.

Sai bayan la'asar aka shigar da su, leɓɓanta sun riga sun yi fari. Likita ya sunkuyo ya ce, "Hajja, ina ke ciwo?"

Iya ta juya ga ɗanta. "Kai ka faɗa masa. Kai ka iya."

Ɗantsoho ya tattara Larabcinsa mafi tsabta, ya ce zuciyarta ce, a taimaka. Likitan ya ɗago kai ya ƙura masa ido, murmushi ya fara buɗe masa fuska.

"Tsaya, na san muryar nan," in ji shi. "Don Allah faɗi sau ɗaya, yadda kake yi a rediyo."