Injin da Ba Ya Kiran Kowa

A farkon bazara injin niƙan Lurwanu na Kwanyawa ya daina shan man gas. Wani ƙaramin banki da ke Karaye ne ya ba shi rancen sayen farantan sola da sabon inji. Shi ma bankin, wani babban bankin raya ƙasa ne ya ba shi kuɗin, bisa sharaɗin kada ya ranta wa kowa sai wanda zai bar mai ya koma ga hasken rana. Aka jera farantan a kan rumfa, aka ture tsohon injin gefe, aka lulluɓe shi da buhu.

Sabon injin yana niƙa lukui, ba hayaƙi, garin kuma ba ya warin mai. Sai dai niƙan da ake kawowa bai kai rabin na da ba. Lurwanu ya rage farashi, abin bai canza ba. Yakan zauna a inuwar farantan yana tunanin ko sana'ar da mahaifinsa ya bar masa a hannunsa za ta mutu.

Wata ranar Laraba da hantsi Haidar, ma'aikacin bankin, ya zo dubawa a kan babur. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam Lurwanu, injin ne yake ba ka matsala?"

"Injin lafiyarsa ƙalau. Mutanen ne ban san abin da ya same su ba."

Suna cikin haka sai ga Gwaggo Sauda, ƙanwar mahaifin Lurwanu, da ƙwaryar masara a ka. Ta wuce rumfar ko kallo babu, ta nufi injin Ilu da ke can ƙarshen gari.

"Gwaggo, ina za ki kai masara, ga injin ɗanki a gabanki?"

Ta tsaya. "Au, ka dawo aiki?"

"Da ina na je?"

"Ai cewa aka yi banki ya ɗauke maka inji. Mu dai shiru muka ji." Ta sauke ƙwaryar. "Kai ma ka sani, matan gari ba leƙowa suke su ga ko ka buɗe ba. Tun zamanin babanka, sai mun ji tuf-tuf ɗin nan daga cikin gida muke tsame gero. Yanzu na Ilu kaɗai ke magana."

Haidar ya yi dariya. "Inna, su masu ba mu kuɗin, rashin ƙarar nan na cikin abin da suke alfahari da shi."

"To ka ce su zo su riƙa kira masa mata."

Lurwanu ya dubi tsohon injin. Ya ce ko ya riƙa tayar da shi haka kawai, don a ji.

"Ka ƙona mai don ka yi shelar ka daina ƙona mai?" in ji Haidar. "Ka rufa mini asiri a ofis."

Lurwanu ya nufi tsohon injin. Ya yaye buhun, ya ɗauko sifana, ya kwance tankin man, wanda babu ko ɗigo a ciki. Ya rataye shi a reshen darbejiyar da ke bakin rumfa, ya samo guntuwar taɓarya, ya fara bugawa yadda injin yake tashi a da: ɗaya-ɗaya, a hankali, sannan da sauri.

Gwaggo Sauda ta karkata kai tana saurare. "Na babanka ya fi wannan murya. Amma za a gane."

Ta ce za ta faɗa wa mata a gidan sunan da za ta je da yamma.

Tun daga makon nan, da rana ta hau kan farantan sai Lurwanu ya buga tankin. Kafin ya ajiye taɓaryar ƙore da bokitai sun fara jeruwa a ƙarƙashin darbejiyar, ta Gwaggo Sauda a gaba. Shi kuma sai ya danna maɓalli, injin ya kama niƙa, ana hira kowa yana jin kowa.